Kwari da Dutse da Sunan Wanda Ya Fara Sauka: Tarihin Wasu Sunayen Wurare Tsakanin Tsohuwar Abuja da Dutsen Alhaji

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda sunan mutum, ko na gidansu, yake manne wa wani yanki na ƙasa, kamar kwari ko rafi ko dutse, har ya zama shi ne sunan wurin bayan mai sunan ya daɗe da barin duniya. An zaɓi ƙasar da ke tsakanin Suleja da Bwari ne domin a nan ake iya ganin al'amarin tun daga tushensa har zuwa inda ya kai a yau. A nan ne sunan wani basarake ya zama sunan gari a 1828, daga baya aka ɗauke sunan aka ba babban birnin Nijeriya. A nan ne kuma ake da Dutsen Alhaji, garin da ke cikin Ƙaramar Hukumar Bwari, wanda alluna da takardun hukuma suke rubuta shi "Dutse Alhaji", wato ba tare da harafin nasaba ba. Za a nuna cewa wannan ɗan harafi da ya faɗi yana da labari, kuma labarin ya shafi maganar ƙasa da masu ita.

2.0 Yadda kwari yake samun suna

Hausa tana da yalwar kalmomin da ke rarrabe yanayin ƙasa. Kwari shi ne wuri mai gangare inda ruwa yake taruwa ko yake bi, kishiyar tudu ke nan. Kwazazzabo kuwa rami ne mai zurfi da tsawo wanda ruwan sama ya zaizaye. Rafi da ƙorama suna gudana, fadama tana riƙe danshi har cikin rani, kududdufi kuma galibi hannun mutum ne ya haƙa shi wajen ɗibar ƙasar gini. Kowace daga cikin waɗannan kalmomi tana iya zama kan harɗaɗɗen suna, kamar yadda ake da Kwarin Mabuga a birnin Kano da Rafin Daɗi a Katsina da Rafin Sanyi a Suleja.

A ƙauye ba a yin taron raɗa wa kwari suna. Mutum ne yake zuwa da iyalinsa ya nemi izinin mai ƙasa, ya sare daji, ya kafa bukka kusa da inda zai sami ruwa. Maƙwabta idan za su yi kwatance sai su ce "kwarin su wane", domin gonarsa ce take bakin kwarin, matan gidansa ne ake gani suna ɗibar ruwa a wurin. Wannan "su" ita ce take nuna cewa ba mutum ɗaya ake nufi ba, shi da mutanensa ne. Da tafiya ta yi tafiya sai "su" ta faɗi saboda yawan ambato, a bar "kwarin wane". Idan mai sunan ya rasu, jikokinsa suka watse, sai a wayi gari yara suna faɗin sunan ba tare da sun san mutum ne ba. A wannan mataki kwatance ya riga ya daskare ya zama suna. Idan zuriyar ta yawaita kuwa, harshen yana da wata hanyar, wato ɗafa-ƙeyar jam'i, kamar a Tudun Nufawa da Sharifai a Kano, inda sunan yake nuna al'umma ko zuriya gaba ɗaya.

Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne. Sunayen wurare sun nuna cewa maganar tana da iyaka, domin baƙon da ya haƙa rijiya ya dasa itace ba ya bushewa da hantsi.

Tsofaffin misalai suna da yawa, amma dutse ya fi kwari riƙe su, saboda kwari yana cikewa ko ya sauya hanya. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya kawo labarin Dala, mutumin da ya zo ya gina gida a kan dutsen da ke ɗauke da wannan suna, kuma daga zuriyarsa Barbushe ya fito. Mutanen Dutsin-Ma a ƙasar Katsina suna danganta sunan garinsu da wani maharbi mai suna Ma wanda ya zauna a kan dutsen. Ƙauran Namoda a Zamfara ta fi su tabbas, domin Namoda jagoran Alibawa ne a zamanin jihadi, kuma tarihinsa a rubuce yake. Dole ne mai nazari ya bambanta waɗannan. Labarin maharbin da ya fara sauka ya yi yawa a ƙasar Hausa, har yakan sa a yi zaton wani lokaci sunan wurin ne ya riga, daga baya aka ƙirƙiro masa mutum domin a bayyana shi.

Ba Hausawa kaɗai suke wannan ba. A ƙasar Niyu Zilan akwai wani kwari a yankin Otago da ake kira da sunan Gabriel Read, mutumin da ya gano zinariya a cikinsa a 1861, alhali kuwa Mawori sun riga shi sanin ƙasar da ƙarnuka. Abin lura a ko'ina shi ne, ƙananan kwaruruka ne suke saurin karɓar sunan sabon zuwa. Manyan koguna ba kasafai suke sakin tsohon sunansu ba. Haka abin yake a ƙasar da ake magana a kanta: Iku da Usuma da Gurara ba kalmomin Hausa ba ne, kuma kusan shekara 200 na sarautar Hausawa a yankin ba su canja su ba.

3.0 Gidan Makau da sunan Abuja

Lokacin da rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Musa ta ci birnin Zariya wajen 1808, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fita da jama'arsa ya nufi kudu, ya bi ta Kauru da Kajuru har ya sauka Zuba, ƙasar Koro. Ba baƙuwar ƙasa ya je ba, domin wannan yanki yana cikin wuraren da suke bin Zazzau tun kafin jihadi. Makau bai kafa birni ba. Ya ƙare sauran rayuwarsa cikin yaƙe-yaƙe, ya rasu a 1825 a yaƙin da ya kai Lapai. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake yi wa laƙabi da Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya gaje shi, kuma shi ya kafa sabon gari a kusa da kogin Iku a 1828, ya kewaye shi da ganuwa. Wannan tarihi yana cikin rubuce-rubucen Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, waɗanda Frank Heath ya fassara aka buga a 1952, haka kuma Smith (1960) ya yi amfani da tsarin sarautar Abuja wajen gano yadda mulkin Zazzau yake kafin zuwan Fulani.

Ta fuskar ƙirar kalma, sunan Abuja ya bambanta da irin su Dutsin-Ma. Babu kalmar ƙasa a cikinsa, babu harafin nasaba. Suna ne da sifa, Abu da ja, suka haɗe suka zama kalma ɗaya, kuma sunan mutum ya koma sunan gari kai tsaye. Irin wannan ba ya faruwa da talaka. Manomi yakan ba kwari sunansa, amma sai mai sarauta ne sunansa yake tsayawa shi kaɗai a madadin gari. Duk da haka sarakunan ba su kira kansu sarakunan Abuja a taken sarauta ba, sun ci gaba da riƙe sunan Sarkin Zazzau, domin a ganinsu sarautar suka taho da ita, birnin kawai suka bari. Har yau mai riƙe da wannan gadon sarauta Sarkin Zazzau Suleja ake ce masa.

Bai kamata a ba da wannan labari kamar daji aka tarar babu kowa ba. Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa suna nan kafin Abu Ja ya aza tubalin farko. Laƙabin da aka yi wa Sarki Ibrahim, wanda ya yi mulki daga 1877 zuwa 1902, wato Dodon Gwari, ya isa ya nuna cewa zaman bai kasance na lumana a kowane lokaci ba. Ita kanta kalmar "Gwari" sunan da Hausawa suka ba su ne, su kuwa Gbagyi suke kiran kansu, kuma yadda Hausa take amfani da "gwaranci" wajen nufin maganar da ba ta fita sosai abu ne da ya dace masana harshen su dube shi da idon basira, ba da dariya ba. Bayan Turawa sun ci Abuja a 1902, tsarin mulkin En'e ya ƙara ɗaure ƙauyukan Gbagyi ga masarautar, har da gundumar Bwari. Hausa ta zama harshen haraji da kotu da kasuwa. Malamin haraji da Hausa yake rubuta sunan ƙauye, kuma abin da ya shiga kundi shi yake shiga taswira.

4.0 Yadda aka ɗauke suna daga gari

A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda domin ya duba batun sauya babban birni. Doka ta 6 ta 1976 ta kafa Yankin Babban Birnin Tarayya daga ƙasashen jihohin Neja da Filato da Kwara. Garin Abu Ja bai faɗa cikin sabon yankin ba, ya tsaya a Jihar Neja, amma sunansa aka ɗauka aka ba birnin da ba a gina ba tukuna. Sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan sarkin lokacin, Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979.

Wannan sabon suna abin sha'awa ne ga mai nazarin ƙirar kalma. A cikin Abuja, "ja" sifa ce mai ma'ana, tana bayyana kamannin mutum. A cikin Suleja kuwa ba launin kowa take nunawa ba. An yanke ta ne daga tsohon sunan aka liƙa wa Sule, kamar dai ɗafa-ƙeya ce mai nufin "garin wane". Wato masu harshen sun sake fasa kalmar ta wata fuska, sun fitar da ƙwayar ma'anar da babu ita a da. Ta haka gida ɗaya ya ba da sunan gari sau biyu, tsakaninsu shekara kusan 150. Gwamnati ta ƙaura daga Legas zuwa sabuwar Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, kuma a yau mafi yawan masu ambaton sunan a duniya ba su san cewa laƙabin wani Bazazzage suke faɗi ba.

Dokar 1976 ta yi wani abu da ya fi sauya suna nauyi: ta mayar da dukkan ƙasar yankin hannun Gwamnatin Tarayya, kuma Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da haka a sashe na 297. Da farko an yi niyyar kwashe mazauna yankin baki ɗaya a sake musu matsuguni a waje. Binciken da Farfesa Akin Mabogunje ya jagoranta a 1977 ya nuna cewa jama'ar sun fi yadda aka zata yawa, kuɗin diyya kuma ya fi ƙarfin abin da aka tanada, saboda haka aka sassauta manufar a 1978, aka bar mafi yawansu a inda suke. Sakamakon haka shi ne mutane suna zaune a ƙasar kakanninsu, amma a idon doka ba tasu ba ce. Mutumin da ba shi da takardar mallaka, abin da ya rage masa na shaida shi ne kushewar kakansa da itatuwan da aka dasa da kuma sunan wurin.

5.0 Dutsen Alhaji ko Dutse Alhaji?

Dutsen Alhaji yana kan hanyar da ta rabu da babban titin Kubwa ta nufi Bwari, a gindin duwatsun da suka ba yankin suna, ba nisa da Ushafa da madatsar ruwan Usuma wadda birnin yake sha daga gare ta. Ba shi kaɗai yake ɗauke da sunan Dutse ba. Akwai Dutsen Makaranta, akwai kuma Dutse Baupma da Dutse Pe, waɗanda kashi na biyu na sunansu ba Hausa ba ne. Garuruwan sun cika ne da ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda hayar cikin birni ta gagara, musamman bayan 1991, sannan rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007 suka ƙaro wasu.

Abu na farko da sunan yake nunawa shi ne ƙanƙantar wurin a lokacin da sunan ya kama. "Alhaji" laƙabi ne, ba sunan yanka ba. Laƙabi ba ya isa kwatance sai inda mai shi ɗaya ne tilo. A zamanin da ake tafiya Makka a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, tafiyar takan ci shekaru, wasu ma su zauna a Sudan ba su dawo ba, don haka wanda ya komo ba ya bukatar wani suna. Jirgin sama ya sauya wannan daga shekarun 1950, har ta kai a 1977 mahajjatan Nijeriya sun haura 100,000. A garin Dutse na yau, wanda ya ce a kai shi gidan Alhaji bai faɗi komai ba. Sunan ya tsira ne domin ya riga ya daskare.

Abu na biyu shi ne harafin nasaba. A daidaitacciyar Hausa ba a jera suna biyu haka tsirara, sai an haɗa su da -n idan na farkon namiji ne ko jam'i, ko -r idan mace ce mai ƙarewa da -a. Bahaushe "Dutsen Alhaji" yake cewa. Siffar "Dutse Alhaji" ta takarda ce, kuma tana da 'yan'uwa: Ƙauran Namoda ta zama Kaura Namoda, Talatar Mafara ta zama Talata Mafara. Akawun da ke rubutu da Ingilishi yana ɗaukar kowace kalma yadda take a ƙamus, sai ya yar da abin da ya haɗa su. A Abuja an sami ƙarin dalili, domin mafi yawan masu hawa mota zuwa garin ba Hausa ce harshensu na farko ba, yaran mota kuma abin da fasinja zai gane suke kira. Dutsin-Ma ta tsira da nata harafin, har da wasalin karin harshen Katsina, saboda masu faɗin sunan kullum Hausawa ne.

Akwai kuma wani sauyin daban da ake gani a yankin, inda harafin bai faɗi ba amma ya canja. Ana rubuta Tungan Maje da Angwan Dodo, alhali tunga da unguwa kalmomin mata ne, waɗanda a Kano za a ce tungar da unguwar. Ba daidai ba ne a yi saurin kiran wannan kuskuren baƙin harshe. Karin harshen Zazzau da na Bauchi sun saba sanya -n ga namiji da mace baki ɗaya, kuma Hausar da ta fara sauka a wannan ƙasa daga Zazzau ta taho.

Abu na uku shi ne wanda ya fi bukatar taka-tsantsan. Littattafan makaranta sukan kira wannan harafi "mallaka", sai mai karatu ya ɗauka duk inda ya gan shi to wani ya mallaki wani abu. Ba haka ba ne. A Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, harafin rarrabewa yake yi tsakanin garuruwa biyu masu suna ɗaya. Kudu ba ta mallaki komai ba. Idan aka dubi Dutsen Alhaji tare da Dutsen Makaranta da Dutse Baupma da Dutse Pe, fassarar da ta fi dacewa ita ce Dutse sunan yankin ne gaba ɗaya, kalma ta biyu kuma tana nuna wane ɓangare ake nufi: ɓangaren da Alhaji yake, ɓangaren da makaranta take. Wannan ya yi kama da abin da ake gani a Minna, inda ake da Dutsen Kura Hausa da Dutsen Kura Gwari. Saboda haka kalmar "nasaba" ta fi "mallaka" dacewa da aikin harafin. Haka nan kasancewar suna na Hausa ba ya tabbatar da cewa Bahaushe ne ya kafa wurin, domin Gbagyi da yawa Musulmi ne, sun je Makka, kuma sun daɗe suna amfani da Hausa a hulɗarsu da na waje.

Wannan ba gardamar nahawu ce kawai ba. An kafa Ƙaramar Hukumar Bwari a 1996, kuma garin yana da sarautu biyu, Sarkin Bwari da Esu na Bwari, ɗaya da taken Hausa, ɗaya da na Gbagyi. A Disamban 2017 rikici ya ɓarke a garin, aka ƙone kasuwa, aka yi asarar rayuka, har hukuma ta sa dokar hana fita. Tambayar da ke ƙarƙashin irin wannan rikici ita ce wa ya riga wa sauka, kuma kowane ɓangare yakan kawo sunayen wurare a matsayin hujja. Masanin harshe da ya bari aka fassara harafin nasaba da mallakar ƙasa ya ba da gudummawa ga kuskure mai tsada. Wanda kuma ya ce sunan Hausa ƙarya ne da aka ɗora, shi ma ya shafe tarihin zaman tare na kusan ƙarni biyu. Wuri ɗaya yana iya ɗaukar suna biyu, kowanne da gaskiyarsa. Ostareliya ta amince da haka a hukumance a 1993, lokacin da ta haɗa sunan Uluru da na Ayers ga shahararren dutsen nan da wani Bature ya raɗa wa suna a 1873.

Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Dutse da damina yana ci gaba da yanka kwazazzabai a tsakanin gidaje, kuma mazauna suna ci gaba da yi musu kwatance da gida ko masallaci ko coci ko makarantar da ke kusa, kamar yadda aka saba tun da. Bambancin shi ne ɗan haya ba ya daɗewa har sunansa ya kama ƙasa, kuma lambobin shiyya sun fara maye gurbin sunayen mutane. Tsofaffin sunayen Gbagyi na waɗannan rafuka suna bakin dattawa ne kawai. Aikin tattara su yana bukatar mai jin harsunan biyu, da na'urar ɗaukar magana domin a kama karin sauti, domin rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna shi, kuma a Gbagyi kamar a Hausa karin sauti yana raba ma'ana.

Wuri mafi dacewa a fara shi ne Kubwa, maƙwabciyar Dutse, inda aka sake tsugunar da mutanen ƙauyukan Maitama da Jabi da Kukwaba lokacin da ginin birni ya ci gonakinsu. Sunayen ƙauyukan nasu suna nan a taswirar birnin a matsayin manyan unguwanni, su kuwa suna Kubwa. Mutanen Wuse an kai su Jihar Neja ne, suka tafi da sunansu, aka ƙara masa sifa ɗaya ta Hausa a gaba ya zama Sabon Wuse.